Yadda za ka auna damar ɗan "a sakar mana mara" a jam'iyyar Republican kafin ka ɗaure kanka da alkawari

A watan Afrilun 2015, a majalisarmu ta bayan isha'i da ke gefen teburin mai shayi a Unguwar Rogo, na bugi ƙirji na ce Sanata Rand Paul na jihar Kentucky ne zai ɗauki tutar jam'iyyar Republican a zaɓen Amurka na 2016. Na ƙara da cewa in bai ɗauka ba, balangun majalisa gaba ɗaya a wuyana yake. Ladanin masallacinmu ya kalle ni ta saman tabarau. Na ce masa ba caca ba ce, Malam, tunda ko na ci ba mai ba ni ko sisi, alkawari ne kawai. Ya ce to, alkawari dai kaya ne.

Ni malamin darasin gwamnati ne a sakandare, na haura shekara ashirin ina koya wa yara bambancin tsarin shugaba mai cikakken iko da na firaminista, don haka in na yi maganar Amurka a majalisa ba a cika ja da ni ba. Bayan wata goma na biya kuɗin nama. Tun daga ranar na zauna na bi sawun inda lissafina ya karkace, kuma abin da na tsinta shi zan shimfiɗa a nan, domin na ga 2028 ta fara leƙowa, samari a wayoyinsu sun fara irin cika bakin da na yi.

Ka fara da sanin hajar da mutumin yake talla. Turawa na ce wa masu wannan ra'ayi 'yan libateriyan, ni kuwa a aji nakan ce wa ɗalibaina 'yan "a sakar mana mara", kuma sun fi saurin ganewa. Abin da suke so shi ne gwamnati ta tsaya ga tsaron ƙasa da kotu, ta cire hannunta daga aljihun mutum da kasuwarsa da wayarsa. A rage haraji, a daina ciwo bashi, kada babban banki ya riƙa buga kuɗi yadda ya ga dama, kada a tura soja yaƙi a ƙasar da ba ta tsokane ka ba, kada a kwashi kuɗin talakan Amurka a ba wata gwamnati da sunan agaji. Wanda ya sayi fetur a Jos bayan 29 ga Mayun 2023 ya ɗanɗani ɓangare guda na wannan aƙida, wato cire tallafi, ko da yake su za su ce maka ai rabin magani aka ba ka, tunda ba a rage kashe kuɗin gwamnatin ba.

Daga nan sai ka ɗora hajar a kan murhun jam'iyyar. Tun zamanin Ronald Reagan, tukunyar Republican a kan duwatsu uku take zaune. Akwai 'yan kasuwa masu son a rage haraji. Akwai masu kishin addinin Kirista, waɗanda batun zubar da ciki da tarbiyyar iyali ya fi damunsu. Sai masu son soja mai ƙarfi da Amurka mai tsoma baki ko'ina a duniya. Ɗan a-sakar-mana-mara yana shiri da dutsen farko, yana gaisawa da na biyu daga nesa, na ukun kuwa ko ga maciji ba sa yi. Tambayarka ta farko ke nan: duwatsu nawa ne ke ƙarƙashinsa?

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na mahaifin Rand, wato Ron Paul, likitan mata daga Texas wanda ya daɗe a majalisar wakilai har aka laƙaba masa "Dakta A'a" saboda yawan ƙin amincewa da ƙudurorin kashe kuɗi. Yana cikin 'yan Republican shida kacal da suka ƙi sa hannu a yaƙin Iraƙi a majalisar wakilai a 2002. A wata muhawara a South Carolina cikin Mayun 2007 ya ce katsalandan ɗin Amurka a Gabas ta Tsakiya na cikin abubuwan da suka jawo harin 11 ga Satumba. Rudy Giuliani, wanda shi ne magajin garin New York lokacin harin, ya katse shi ya nemi ya janye maganar, zauren ya ɓarke da tafi. Giuliani aka tafa wa. Mu da muke nan, da yawanmu maganar dattijon ta yi mana daɗi, amma ba mu ke jefa ƙuri'a a South Carolina ba. Wannan shi ne ramin farko da na faɗa: na auna mutum da abin da ya burge ni.

Za ka ji ana kawo Barry Goldwater a matsayin hujjar cewa mai irin wannan ra'ayi ya taɓa samun tikiti. Gaskiya ne ya samu a 1964, kuma ya tsani gwamnati mai faɗi. Sai dai a kan Tarayyar Sobiyat shi zaki ne, dutsen soja yana ƙarƙashinsa daram. Duk da haka Lyndon Johnson ya yi masa kaca-kaca, jiha shida kawai ya ci.

Abu na gaba, kuma a nan nake so ka buɗe kunne: kada hayaniya ta ruɗe ka. Magoya bayan wannan aƙida ba su da yawa, amma kowane ɗaya yana ihun mutum goma. Samari ne, 'yan jami'a, masu zama a intanet dare da rana. A ranar 5 ga Nuwamban 2007 sun tara wa Ron Paul sama da dala miliyan 4 cikin kwana guda, ranar 16 ga Disamba kuma suka tara kusan miliyan 6. A taron shekara-shekara na masu ra'ayin mazan jiya da ake kira CPAC, inda ake ƙuri'ar gwaji, uban ya zo na ɗaya a 2010 da 2011, ɗan kuma ya zo na ɗaya a 2013 da 2014 da 2015, sau uku a jere. Mujallar Time ta sa hoton Rand a bangonta a 2014. Duk waɗannan na lissafa wa majalisa da yatsu a daren da na yi alkawari. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne: su wa ke zuwa wannan taron? Ƙuri'ar gwaji ta wanda ya sayi tikiti ya shiga zaure ce. Ka cika motoci da ɗalibai ka kai su, ka ci.

Abin kunyar shi ne ni ɗan Jos ne, bai kamata a koya min wannan ba. A garin nan aka yi babban taron SDP a 1993 inda Abiola ya kayar da Kingibe da Atiku. A garin nan PDP ta tsayar da Obasanjo a kan Ekwueme a Fabrairun 1999. Ina saurayi na ga yadda otal-otal suka cika, na ga masu kalangu da masu rawa a bakin filin wasa, kuma kowa ya san waɗanda ke rawa a waje ba su ke zaɓe a ciki ba. Daliget ne ke magana. A Amurka ma daliget ne, illa dai su ana samun su ne ta zaɓen fidda gwani jiha bayan jiha. A 2016 ana buƙatar 1,237 cikin 2,472.

To sai ka duba su wa ke fitowa zaɓe a jihohin farko, domin a nan ake yi wa 'yan takara tankaɗe. Iowa ce ke buɗe fage. A 2016 ba layi ake bi a jefa takarda a tafi ba, taruwa ake yi da daddare cikin tsananin sanyi a makarantu da coci-coci, a saurari jawabai, sannan a zaɓa. Wanda zai bar ɗakinsa mai ɗumi don wannan, galibi dattijo ne mai zuwa coci, kuma fiye da rabin masu fitowa na Republican a can 'yan ɗariƙar bishara ne. Dubi waɗanda suka ci: Mike Huckabee a 2008, tsohon fasto, Rick Santorum a 2012, Ted Cruz a 2016, ɗan mai wa'azi. Bayanta sai New Hampshire, wadda ta fi kowace dacewa da ɗan a-sakar-mana-mara, jihar da ba ta karɓar harajin albashi, kuma waɗanda ba su da jam'iyya suna iya shiga zaɓen. Sai South Carolina mai cike da sansanonin soja da tsofaffin sojoji, inda wa'azin a janye dakaru daga ƙetare ba ya samun masu amin. Idan ɗan takararka bai yi abin kirki a New Hampshire ba, naɗe tabarmarka, gaba ba sauƙi.

Yanzu ga ma'aunin da ya fi kowanne amfani, kuma kyauta ne: lambar uban. A 2012 Ron Paul ya samu wajen kashi 21 cikin 100 a Iowa, ya zo na uku, sannan ya samu kusan kashi 23 a New Hampshire, ya zo na biyu bayan Mitt Romney. Wannan ne ƙololuwar abin da aƙidar ta taɓa kaiwa a waɗannan jihohi biyu a zamaninmu. Ni sai na ɗauki lambar a matsayin gado. Na ce ɗan zai fara daga kashi 21 ɗin mahaifinsa, ya ɗora nasa a kai, tunda ya fi uban iya magana da manya, ga ƙuruciya, ga kujerar sanata. Lissafin ɗan kasuwa ne wanda ya ɗauka duk mai shiga shagon babansa saboda kayan yake shiga.

Ashe ba haka ba ne. Cikin masu bin dattijon akwai waɗanda suka karanta littattafan tattalin arziki suka yarda da aƙidar, akwai kuma waɗanda haushin manyan Washington kawai suke ji, suna neman wanda zai zage su a bainar jama'a. Na biyun sun fi yawa nesa ba kusa ba. Da Donald Trump ya sauko daga benensa ranar 16 ga Yunin 2015 ya ce zai yi takara, sai suka ga wanda ya fi iya zagin, suka bi shi, ba su damu ba cewa shi mai son harajin kayan waje ne kuma ya yi alkawarin ba zai taɓa kuɗin fanshon tsofaffi ba. Thomas Massie, ɗan majalisar wakilai daga Kentucky kuma na hannun daman gidan Paul, ya faɗi haka da bakinsa daga baya: ya gane mutanen ba aƙida suke zaɓa ba, wanda ya fi kowa tada ƙura a fagen suke nema. Saboda haka in ka ga taron ɗan takara irin wannan, raba shi gida biyu a ranka, ka tambaya: in wani mai baki ya fito gobe, nawa za su rage? Ragowar su ne jarinsa.

Sannan ka dubi sararin sama. Wannan haja tana da damina tana da rani. A Maris ɗin 2013 Rand Paul ya tsaya a zauren majalisar dattawa kusan awa 13 yana magana, ya tare tabbatar da John Brennan a shugabancin CIA, yana neman gwamnatin Obama ta faɗa a fili ko tana da ikon kashe Ba'amurke a cikin Amurka da jirgi mara matuƙi ba tare da shari'a ba. Bayan wata uku Edward Snowden ya fallasa yadda ake tattara bayanan wayoyin jama'a. Mutane sun gaji da Iraƙi da Afganistan, suna jin haushin leƙen asiri. Damina ke nan, kowa na son a sakar masa mara. Sai ga ISIS ta kama Mosul a Yunin 2014, a Agusta ta yanka ɗan jarida James Foley ta watsa hoton. A Nuwamban 2015 aka kai harin Paris, mutum 130 suka mutu. Mai jin tsoro ba ya neman a rage wa jami'an tsaro ƙarfi. Mu a Jos mun san wannan fiye da kowa: ranar da gari ke lafiya kowa na tsinar shingen sojoji a hanyar Bauchi, ranar da aka ji ƙarar wani abu a Taminus kuwa, mutumin da ya fi kowa ƙorafi shi ke tambayar ina sojojin suke. Lokacin da na yi alkawarina rani ya riga ya shiga da wata goma, ban lura ba.

Akwai kuma abin da nake kira matsalar jemage. Rand ya ga inda uban ya tsaya, ya ƙudura zai wuce nan ta hanyar sulhu da manya. Ya mara wa Romney baya a 2012 tun mahaifinsa bai gama janyewa ba, abin da ya ƙona ran tsofaffin magoya baya. Ya goyi bayan Mitch McConnell, jagoran 'yan Republican a majalisar dattawa, a 2014, mutumin da a 2010 ya tsaya wa Trey Grayson, abokin hamayyar Rand ɗin. Ya sa hannu a wasiƙar da sanatoci 47 suka aika wa shugabannin Iran a Maris ɗin 2015 don nuna adawa da yarjejeniyar nukiliya da Obama ke ƙullawa da su. Ya je jami'ar Howard ta baƙaƙen fata, ya je jami'ar Berkeley, ya haɗa kai da Cory Booker na Democrat kan sassauta wa waɗanda suka gama zaman gidan yari. Wasu daga cikin waɗannan abin yabo ne, ni har yau ina ganin ƙoƙarinsa a kan batun fursunoni. Amma a zaɓen fidda gwani, tsuntsaye suka ce ya cika haƙora, dabbobi suka ce ya cika fiffike. Manyan masu kuɗin jam'iyya suka tafi wajen Jeb Bush da Marco Rubio, masu zafin aƙida wasu suka koma wajen Cruz, wasu suka zauna a gida. Idan kana auna ɗan takara, duk sulhun da ya yi ka rubuta shi a shafi biyu: wa ya samu, wa ya rasa. In shafin samu babu sunan kowa, ka san inda aka dosa.

Dokar rabon daliget ma kada ka tsallake ta, ko da tana da gundura. Wasu jihohi suna rabawa daidai da ƙuri'a, wasu kuma wanda ya zo na ɗaya ke kwashewa. A South Carolina a 2016 Trump ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u amma ya tafi da daliget 50 ɗin jihar duka. Mai kashi 15 ko 20 a ko'ina zai iya zagaye ƙasar yana zuwa na biyu da na uku, ya ƙare da hannu wayam. Mutanen Ron Paul sun gwada wata dabara a 2012: suka riƙa zama har ƙarshen tarukan jam'iyya na gundumomi bayan kowa ya tafi gida, suka mamaye kujerun daliget a jihohi irin su Iowa da Minnesota da Maine. Da aka je babban taro a Tampa, uwar jam'iyya ta karɓe wasu kujerun Maine, ta kuma tsaurara ƙa'idar tsayar da ɗan takara daga jiha biyar zuwa takwas. Wanda ya taɓa ganin yadda ake sauya jerin sunayen daliget da tsakar dare a ƙasar nan ba zai yi mamaki ba.

Na ƙarshe mai sauƙi ne: duba ko yana da ƙofar baya. Kujerar Rand ta sanata ita ma a 2016 za a sake zaɓenta, kuma dokar Kentucky ta hana sunan mutum fitowa sau biyu a takardar zaɓe ɗaya. Sai da ya lallashi jam'iyyar jiharsa ta sauya salon zaɓen fidda gwaninta na shugaban ƙasa, ya kuma sa dala 250,000 don ɗaukar nauyin hakan. Mai riƙe da kujera a hannu ɗaya ba ya jimirin dogon kokawa, da ya ga ƙasa na zamewa zai koma ya tsare gida.

Daren 1 ga Fabrairun 2016 ban yi barcin kirki ba. Sanyin Jos na lokacin hunturu ne, irin wanda ruwan buta ke cizon yatsa. Na lulluɓa da bargo a falo, rediyo a kunne, waya a hannu, uwargida ta leƙo sau biyu tana tambaya ko wani ne ba lafiya. Kafin kiran assalatu sakamako ya fito: Cruz, Trump, Rubio, Ben Carson, sannan Rand Paul na biyar da kashi 4.5. Kashi 21 na uban ya narke. Dama tun a Janairu an sauke shi daga babban dandalin muhawara saboda ƙarancin magoya baya, ya yi fushi ya ƙi zuwa ƙaramin. Ranar 3 ga wata ya janye. A masallaci da asuba ladan bai ce min komai ba, murmushi kawai ya yi, wanda ya fi magana ciwo.

Yanzu gwada ma'aunin a kan 2028. Tsarin mulki ya hana Trump zagaye na uku, saboda haka fili zai buɗe. Rand Paul zai cika shekara 65 a shekarar, kuma wa'adin kujerarsa, da ya sabunta a 2022, a lokacin zai ƙare, wato batun ƙofar baya zai sake tasowa. A 2025 ya bijire wa Trump a kan harajin kayan Kanada, ya kuma zama ɗaya daga 'yan Republican uku da suka ƙi babban ƙudurin haraji da kashe kuɗi a Yuli, wanda sai da mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba gardama da ƙuri'arsa. Wannan ya wanke shi daga zargin jemage. Amma dubi murhun yadda ya koma. Gajiya da yaƙe-yaƙen ƙetare, wadda a 2007 ta sa aka yi wa uban ihu, yau ta zama ruwan dare a jam'iyyar, sai dai Vance da mutanen Trump ne ke sayar da ita, ba gidan Paul ba. Ɗaya hajar kuma, ciniki tsakanin ƙasashe ba shinge da tsuke bakin aljihun gwamnati, ita ce jam'iyyar ta juya wa baya. An karɓe masa abin da ke da kasuwa, an bar shi da wanda ba a tayawa. A ganina abin da ya rage masa shi ne rani ya juya: tsadar kaya ta ci mutane har su ɗora laifin a kan harajin shigo da kaya, ko bashin ƙasar, da ya haura dala tiriliyan 36 tun 2024, ya fara cizo a fili. In hakan ta faru kafin a je New Hampshire, zai iya kai lambar mahaifinsa. Tikiti kuwa, ban ga hanyarsa ba.

Balangun dai na naira dubu huɗu na saya, lokacin kuɗi na da daraja, mutum tara suka ci har da wani baƙo da ya zo wucewa ya ji ƙamshi. Makon jiya mai shayi yana fasa ƙwai ya ce, "Malam, mutumin naka fa, an ce zai sake fitowa. Me za mu ci a wannan karon?" Na ce masa ya fara tambayo min nawa ake sayar da kilon nama yanzu.